Tafkin da Ya Yi Garau

Mu 'yan layin kamfani ba mu taɓa ce masa hayaƙi ba. Bargo muke kiransa. Da sanyi ya shigo, iska ta ɗauke, sai ka ji wata maƙwabciya ta ɗaga murya ta kan katanga: "Ku kwashe shanya, Bargo ya sauko!" Nan da nan gida ya rikice, kowa ya ruga igiya, don duk farar rigar da ta yi jinkiri sai an sake mata wanki.

Hayaƙin kwal ne, daga kamfanin narka ƙarfe da ke ƙarshen layinmu. Bututun kamfanin gajere ne a lokacin. In akwai iska, sai ta kwashi abin da ya fitar ta yi gaba. In babu, hayaƙin ya haɗu da raɓar safiya ya kwanta a kan gidaje, shi ba rawaya ba, shi ba ruwan toka ba, warinsa kamar an ƙyasta ashana a ƙofar hancinka. Motoci su kunna fitila da hantsi. Mu kuwa mu tafi makaranta a jere, kowa riƙe da bayan rigar na gabansa, muna dariya muna tari.

In na ba jikokina wannan labari sai su yamutsa fuska, wai yaya aka yi muka rayu. To, mun rayu, kuma ni dai ina kewar layin nan, ko da za a ce sabo turken wawa ne. Ina kewar jiniyar tashi daga aiki, da mazan da ke fitowa baƙi ƙirin, ba ka ganin komai sai haƙora. Ina kewar mai shayin bakin layi, wanda ke kife ɗan faranti a kan kofi kafin ya miƙa maka. Har dakalin tagarmu nake kewa, inda muke zana mota da yatsa a cikin baƙin da ya taru, Umma ta zo da tsumma ta share motar, ta haɗa mana da ranƙwashi.

Baba magini ne a kamfanin. Aikinsa gyaran bulon tanderu in wuta ta cinye shi. Mutum ne da ba ya iya wuce katanga bai kanne ido ɗaya ya duba ko ta miƙe ba, ko da kuwa katangar gidan surukai ce. Umma ɗinki take yi a gida, kuma ita Bargo ya sa a gaba. Tun ina ƙarama na san ƙarar ƙirjinta, wani siririn fito da ke fita tare da numfashi. Takan jiƙa tsummoki ta toshe ƙasan ƙofa da gefen taga, sannan ta zauna a gaban keke, ɗinki kaɗan, hutu da yawa.

Wuri ɗaya ne ƙirjin nan ke yin shiru, wato bakin tafkin Baba. Gado ne daga kakanmu, a wani ƙauye a gindin duwatsu, tafiya mai ɗan nisa a motar haya. Baffa, ƙanen Baba, shi ke zaune a can yana kula da shi. Duk hutun makaranta can muke zuwa. Tafki ne kore shar, gansakuka ta rufe gefensa, in ka tsoma hannu ba ka ƙara ganin yatsunka. Kifi kuwa kamar ƙasa. Da yamma kwaɗi su hana ka jin maganar na kusa da kai, ga wani zalɓe da ke wuni a tsaye da ƙafa ɗaya, Baffa yana zaginsa yana ce masa ɓarawon da ba ya gudu.

"Wannan ruwa naka, Maigida, ko kare sai ya rufe ido kafin ya sha," in ji Umma duk zuwa.

"Ranki ya daɗe, kifi dai bai kawo ƙara ba," in ji Baba. "Ja numfashi in ji."

Sai ta ja, dogo, har ƙasa, babu fito ko kaɗan. Baba ya washe baki kamar shi ya gina iskar.

A bakin tafkin nan ya yi mata alkawari, kuma kowane zuwa sai ya sabunta shi. Ranar da ya ajiye cokalin gini, za su tattara su dawo nan. Kifin tafki ya ciyar da su, iskar duwatsu ta riƙe mata ƙirji. Ba shi da wani tanadi a duniya sai wannan, bai kuma taɓa ɓoyewa ba.

Shekarar da na shiga sakandare aka yi sanyin da har yau tsofaffin layinmu ke kwatance da shi. Bargo ya sauko ya ƙi tashi. Kwana da kwanaki ba mu ga rana ba. Kajin maƙwabta suka mutu a akurki, mai shayi ya kulle teburinsa. Tsofaffi suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, har aka daina tambayar gidan wa ake kuka. Umma ta faɗi a gaban keke da rana tsaka, leɓɓanta sun yi baƙi. Ba motar da za ta iya ganin hanya, don haka Baba ya goya ta a baya har asibiti, yana lalube da ƙafa yana kiranta don kada ta yi shiru. Asibitin ma a cike muka same shi har baranda.

Allah ya yi da sauran kwananta. Kamfani kuwa ya sha surutu har ya gaji, ya ce za a ɗaga bututun sama can inda iska ba ta ɗaukewa. Aka zaɓi samarin magina. Baba ya riga ya fara furfura, ba a sa shi ba, sai ya je ya tsaya wa shugaban aikin a ka har ya gaji ya sa shi.

"Da shekarun nan naka za ka hau can?" in ji Umma, daga kwance.

"Yaran nan ba su iya ginin zagaye ba. Sai su yi shi a karkace ya faɗo mana a ka."

"Kai dai faɗi gaskiya, Maigida. Don ni ne."

"To, in don ke ne, laifi ne?"

Ta juya fuska bango. Washegari ta ɗinka masa jar hula, wai don sanyi. Ƙarya ce, don mu riƙa gane shi ne daga ƙasa. Watanni bututun yana hawa, jar hular tana ƙanƙancewa har ta koma kamar ɗigo. Umma ba ta taɓa leƙawa ba. Sai dai in na shigo daga waje ta ce, ba tare da ta ɗaga kai daga keke ba, "Yana nan?" In ce, "Yana nan." Sai ƙafarta ta ci gaba da taka keken.

Ranar da aka kunna wuta a sabon bututun, duk layi ya fito. Hayaƙin ya miƙe sama, ya yi ta hawa, sannan iska ta lanƙwasa shi ya ja dogon layi ya bar gari. Aka yi ta tafi. Daga nan rayuwa ta canza mana. Shanya ta kwana a igiya. Muka gano ashe gidan da ke kallon namu fentinsa shuɗi ne, tun haihuwata na ɗauka ruwan toka ne. Umma ta kwashe tsummokin ƙofa ta zubar, ta yi ƙiba har ta buɗe wa rigunanta gefe. Baba kuwa kowane baƙo ya zo sai an fitar da shi ƙofar gida.

"Ka ga wancan zoben ƙarfen? Daga nan zuwa sama hannuna ne. Duba da kyau, in ka ga inda ya kauce ka gaya mini."

A shekarun da suka biyo baya ne tafki ya fara yin kyau. Haka muka ce a lokacin, ya fara yin kyau. Gansakukar ta ja da baya, korensa ya yi ta dusashewa. Wani hutu muka je na tsoma hannu na ga yatsuna. Wani hutun muka hango duwatsun ƙasa, da ganyen da suka nutse suna kwance yadda suka faɗa, ba su ruɓe ba, da wani tsohon bokiti da Baffa ya rantse tun yana saurayi ya ɓace masa. Mutanen ƙauye suka riƙa zuwa kallo.

"Yau ga ruwa!" in ji Umma. Ta tattare zani ta shiga har gwiwa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ya ji labarin za ki tare ne, ya yi wanka," in ji Baba.

Baffa ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya, ni wani abu ke ba ni mamaki. Kifin yanzu manya ne zalla. Ƙanana sam ba sa shiga koma."

"To, ka ji mutum! An ba ka manya kana cigiyar ƙanana."

Muka yi ta yi wa Baffa dariya, ni har da riƙe ciki. Kwaɗi suka yi shiru, Umma ta ce alhamdu lillahi, yanzu mutum ya ji abin da ake gaya masa. Zalɓe ya daina zuwa, muka ce ɓarawo ya tuba. Kwanon ɗakin Baffa ya yi tsatsa ya huje tun bai tsufa ba, Baba ya ce mai kwano ne ya cuce shi. Itatuwan kan dutse suka fara bushewa daga ƙoli, aka ce tsutsa ce. Kowane abu mun samo masa amsa, ba mu taɓa haɗa biyu a wuri ɗaya ba.

Ba na ganin wautarmu sosai, ko da yake wauta ce. Mu mutane ne da muka tashi cikin baƙi, muna goge shi daga taga, muna kakkaɓe shi daga gashi, muna tofar da shi daga maƙogwaro. A wurinmu duk abin da ya yi fari, ya yi tas, to lafiya ce. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa dauɗar tafki ita ce ransa.

Lokacin da Baba ya ajiye aiki na riga na yi aure har da 'ya'ya. Na zo na taya su ɗaure kaya. Keken ɗinki aka fara ɗorawa a mota, Umma ta zauna kusa da shi ta rungume. Maƙwabta suka fito rakiya, mai shayi ya tsufa amma sai da ya zo ya ce wa Baba kada ya manta da su in kifi ya yi yawa. Ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na ranar ba. Duk hanya waƙa yake yi, shi da muryarsa ba ta da daɗi ko kaɗan.

Baffa ya tarbe mu jiki a sanyaye. Ya ce ya daɗe yana jefa koma tana fitowa wayam, manyan ma sun ƙare.

"Ka cinye su dai, ga tumbi nan ya nuna," in ji Baba. "Ba komai. Ruwa mai kyau irin wannan, zuba masa iri kawai za a yi."

Ya je wurin masu ƙyanƙyasar kifi ya sayo 'ya'yan kifi cikin durom. Muka taru a bakin tafki aka juye su, Umma tana ta addu'a. Da yake ruwan garau yake, muna ganinsu suna yawo tare, su yi nan su yi can, inuwarsu tana bin su a ƙasa. Baba ya wuni a tsugune yana kallo, abinci ma a nan aka kai masa.

Sai damina ta faɗi da ruwa mai ƙarfi. Washegari da safe gefen tafki ya yi fari da cikin kifi.

Baba ya ce mai ƙyanƙyasa ne ya ba shi marasa lafiya. Ya canza wuri, ya sayo wasu, ya juye. Suka yi kwanaki lafiya lau, aka sake yin ruwa, suka sake tasowa. Wannan karon bai zagi kowa ba. Ya ɗauki kwando ya tsince su da hannunsa, ya haƙa rami ya binne.

"Yaya, ruwa ba ya tsami banza," in ji Baffa. "A kira masu sani."

Ni na je ofishin gona na taho da malamar kiwon kifi, wata yarinya mai ladabi da dogon takalmin roba. Ta durƙusa ta gaida su Baba, sannan ta ɗebi ruwan tafki a kwalba ta tsoma wata 'yar siririyar takarda. Takardar ta yi ja. Ta je durom ɗin da Umma ke tarar ruwan sama ta tsoma wata, ta fi ta farko ja. Ta tambayi tun yaushe ruwan ya yi haske haka. Baba ya gaya mata, har da ɗan sauran alfahari a muryarsa.

"Baba, in ba damuwa, mu hau dutsen nan in nuna muku wani abu," in ji ta.

Muka hau, har da Umma, a hankali. Tun muna yara muke zuwa ƙauyen nan, amma ba wanda ya taɓa hawa, don mu wurin ruwa muke zuwa. Daga ƙoli ana hango gari can nesa, dishi-dishi. Abu ɗaya ne ya fito sarai, bututun, siriri kamar allura. Daga bakinsa layin hayaƙi ya taso ya miƙo, ya yi ta faɗi yana dusashewa, har ya zo ya baje a saman kanmu.

"Kun gani?" in ji malamar. "Kwal akwai farar wuta a cikinsa, ita ce mai warin ashana. Da bututun yana gajere, a kan mutanen gari take sauka, su shaƙa. Da aka ɗaga shi, sai ta samu hanya mai nisa, ta shiga gajimare ta jiƙa ta zama tsami, ta zo nan ta zubo tare da ruwan sama. Ƙwan kifi take fara kashewa, shi ya sa kuka ga manya zalla. Sai kwaɗi, sai ƙananan halittun da ke sa ruwa ya yi kore. Ita ce ta ci kwanon, ita ce ke busar da itatuwan nan. Ruwanku ya yi garau ne don babu sauran mai rai a cikinsa." Ta girgiza kai. "Waɗanda suka ɗaga shi sun manta komai nisan jifa ƙasa zai faɗo."

Baiwar Allah ba ta san da wa take magana ba. Baffa ya kama tarin ƙarya. Ni na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Baba ya daɗe yana duban bututun, sai na ga ya kanne ido ɗaya.

"A miƙe dai yake," ya ce a hankali.

Malamar ta ce maganin gaskiya yana can kamfani, a riƙa tace hayaƙin tun bai fita ba, kuma wannan ba aikin yau ko gobe ba ne. Kafin nan, farar ƙasa tana kashe tsami. Sai dai kowace damina sai an sake zubawa, kuma ba za ta yi musu alkawarin kifi ba.

Kifi bai dawo a idon Baba ba, gara in faɗa tun yanzu. Da keken Umma suka rayu, da ɗan abin da muke aikawa, shi da ya yi alkawarin ba za ta sake taka keke ba. Umma kuwa ta yi tsawon rai, ƙirjinta shiru, har ta ga 'ya'yan jikoki. Tafki ya tafi, ita ta zauna. Cinikin da aka yi ke nan, ba tare da an tambayi kowa ba, kuma har yau in na tuna sai in ji tausayinsa ya cika mini zuciya.

Ana gobe zan koma gidana aka kawo buhunan farar ƙasa. Da hantsi Baba ya tuɓe riga ya kama shebur, yana ɗiba yana watsawa iya ƙarfinsa, ruwan yana yin fari kamar an zuba madara. Hannuwansa da girarsa duk sun yi fari fat. Ni da Umma muna zaune a kan tabarma a bakin tafki. Tun saukowarmu daga dutse ba wanda ya ta da maganar.

"Maigida," in ji Umma, "in tambaye ka?"

"Ranki ya daɗe."

"Da ka san nan hayaƙin zai sauka, da ka hau?"

Ya kafa shebur a ƙasa ya jingina da shi. Ya dubi ruwan, ya dube ta, ya daɗe yana kallon yadda ƙirjinta ke hawa yana sauka.

"Da na hau," ya ce.

"Ko da tafkin ne?"

"Da na hau, na ƙara masa layin bulo ashirin, ya tsallake mu."

Umma ta ɗaga kai ta dubi bayan duwatsun, inda hanya ta ci gaba zuwa ƙauyukan da ba mu taɓa zuwa ba, kwanukansu suna ɗan ƙyalli a rana.

"Ya tsallake mu ya sauka a tafkin wa?"

Baba ya goge fuska da bayan hannu, ya ƙara shafa wa fuskar fari, sannan ya sunkuya ya cika shebur.